Shari'ar Kaza: Zargin Maita a Arewacin Gana Tun Zamanin Turawa

A gidan da nake haya a unguwar Nyohini cikin Tamale akwai wata tsohuwa da kowa ke kira Mma. Shekara huɗu ke nan da ɗiyarta ta ɗauko ta daga ƙauye a bayan babur, cikin dare, ba ta riƙe da komai sai ƙullin zannuwa da 'yar tukunyar miya. Sai da aka yi wata biyu kafin labarin ya fito. Jikan kishiyarta ne ya kwanta da zazzaɓi, ya ce ya gan ta a mafarki tana bin sa da gudu. Bayan kwana uku yaron ya rasu. Kafin a dawo daga maƙabarta samari sun fara taruwa a ƙofar ɗakinta da sanduna.

Kullum da hantsi za ka same ta a gindin bango tana fasa ƙwaran kaɗanya da ɗan dutse, ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tsohon kwano. Wata rana ina alwala na ga ta miƙa wa wani yaron gidan ƙuliƙuli. Yaron ya karɓa, yana shirin kaiwa baki, sai uwarsa ta fito daga madafi ta doke hannunsa, ƙuliƙulin ya faɗi a ƙasa. Mma ba ta ce uffan ba. Ta sunkuya ta tsince shi, ta hure ƙurar, ta sa a bakinta. Na gaishe ta, na ce, "Mma, sannu da aiki." Ta ce, "Sannu ɗana, Allah ya yi maka albarka." Tun ranar nan abin ya tsaya mini a rai, na shiga neman sanin yadda aka yi mafarkin yaro mai zazzaɓi ya zama hukuncin da ya fi na kotu ƙarfi.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan magana. Mun tashi muna jin cewa maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana kama kurwar mutum, kuma ba ya sakinta sai an tilasta masa ya tsallaka marar lafiyan. Muna yara in mun wuce wanda ake zargi mukan ce "kurwata kur" a ƙasan maƙoshi. Dagombawan da muke zaune tare da su suna kiran mayya sonya, tsoron kuma iri ɗaya ne. Abin da ya bambanta arewacin Gana da Kano ko Maraɗi shi ne a nan akwai unguwanni sukutum da aka ware domin waɗanda aka kora da wannan zargi: Gambaga a ƙasar Mamprusi, Gnani kusa da Yendi, Kukuo kusa da Bimbilla, da Kpatinga.

Ta Gambaga ita ta fi suna, labarin kafuwarta kuma ya shafe mu. Gambaga tsohon zango ne a kan hanyar fataken goro da ke tasowa daga ƙasar Hausa zuwa Salaga. Abin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, fiye da shekara ɗari da suka wuce an kama wata mata za a kashe ta saboda maita, sai limamin garin, wanda ake tunawa da shi da sunan Liman Baba, ya shiga tsakani ya ɓoye ta a wurinsa. Wasu matan suka ji labari suka riƙa gudowa. Da suka yi yawa sai riƙonsu ya koma hannun sarkin garin, Gambarana, wanda shi ke da tsafin da aka yi imani yana kashe kaifin maita. Har yau shugabar matan wurin ana kiran ta magajiya, da kalmarmu ta Hausa. Ina yawan tuna cewa wanda ya fara buɗe ƙofa ga matar da gari ya juya wa baya malami ne.

A daidai wannan zamani Turawan Ingila suka iso. A farkon 1902 suka mai da arewa yankin da ke ƙarƙashin kariyarsu, hedkwatarsu ta farko kuma a Gambaga ɗin take, kafin su dawo da ita Tamale a 1907. Sun zo da tasu fahimtar. Kakanninsu ma sun rataye mayu, kuma a garin Salem na Amurka an rataye mutum 19 bayan shari'o'in 1692. Amma tun 1735 dokar Ingila ta daina ɗaukar maita a matsayin abin da ke faruwa da gaske, ta mai da laifin a kan wanda ya yi da'awar yana da wannan iko. Don haka Baturen gunduma, wanda a nan ake kira Disi, in aka kawo masa ƙarar mayya ba shi da sashen dokar da zai kama ta da shi. Wanda ya doke ta ko ya kashe ta, shi ne mai laifi a littafinsa.

Ga mutanen gari kuwa wannan juya duniya ne. Uba ya binne ɗansa, ya san a zuciyarsa wadda ta cinye shi, ya je wurin hukuma, hukuma ta sallami wadda yake zargi ta ɗaure shi. Magana ta bazu a ƙasashe da yawa cewa Nasara yana kare mayu. Misalin da ya fi girgiza daular Ingila a Kenya ya faru: a 1932 aka gurfanar da mutum 70 'yan ƙabilar Kamba saboda sun doki wata mata da suke zargi da maita har ta mutu. Kotu ta yanke wa 60 hukuncin kisa. Aka yi ta ce-ce-ku-ce har Landan, daga baya gwamna ya sassauta hukuncin zuwa ɗauri.

A Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin, gwamnati ta yi ta kai-komo, kuma a nan ne labarin ya fi daɗin bibiya. Da fari ta hana tsofaffin hanyoyin gano maye. Akwai tauna ɓawon itacen odom, irin shan gwaska a wurinmu: in ka yi amai ka kuɓuta, in ba ka yi ba kai ne. Akwai kuma ɗaukar gawa a ka, a zaga da ita har ta tunkuɗi wanda aka ce shi ya kashe ta. Da aka toshe waɗannan sai mutane suka koma ga wuraren tsafi masu kama mayu. Ɗaya mai suna Aberewa ya mamaye ƙasar Asante har aka haramta shi a 1908. A 1911 soja suka hau duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga suka rushe wurin tsafin Tongnaab na Talensawa, suka sake komawa a 1915. Duk da haka kafin ƙarshen shekarun 1920 manoman koko daga kudu suna cika motoci, su bi ta nan Tamale, su nufi Tongo neman kariya daga mayu, suna kiran tsafin Nana Tongo. Kuɗin koko ya shigo, wani ya yi rufin kwano ɗan'uwansa yana cikin bukka, hassada ta ƙaru, zargi ya ƙaru tare da ita.

A 1927 sai gwamnati ta juya. Dokar mulkin gargajiya ta wannan shekara ta ba kotunan sarakunan kudu ikon sauraron ƙarar maita. To amma da wace shaida za a kama mutum da laifin da aka ce kurwarsa ce ke aikatawa da dare alhali gangar jikinsa na kan tabarma? Kotunan suka riƙa tura waɗanda ake zargi wurin masu tsafi, abin da mai tsafi ya faɗa shi ne hukunci, tara da kuɗin wanki kuma suna shiga aljihu. Ƙorafi ya yi yawa. A 1930 aka haramta farautar mayu, a 1932 aka karɓe ikon daga kotunan sarakuna. Cikin shekara biyar hukuma ɗaya ta halatta shari'ar maita ta kuma soke ta.

Soke ta bai sa an daina ba, wuri kawai ta sake. Masu tsafi suka ce ai ba su kama kowa, mutane ne ke zuwa da ƙafarsu su amsa laifi don a wanke su. A shekarun 1940 wani tsafin da asalinsa daga nan arewa yake, Tigare, ya bazu a kudu, ya tsallaka Togo da Dahomey, ya shiga ƙasar Yarbawa a 1950 da sunan Atinga. 'Yan rawarsa suna shiga gari su nuna tsofaffin mata da yatsa, a yanka kaza a duba yadda ta faɗi, har gwamnatin Najeriya ta haramta shi a 1951. A wannan shekarar ce ma Ingila ta soke tata tsohuwar dokar ta 1735.

A arewa kuwa Turawa ba su da yawa, ƙasa ga faɗi, kuma daga 1932 suka miƙa yawancin al'amuran yau da kullum ga sarakuna. Unguwannin mayu suka rayu duk tsawon mulkin mallaka har aka sami 'yanci a 1957. A ganina dalilin a fili yake. Wurin ya raba gardama ga kowa: dangi sun rabu da wadda suke tsoro, sarki ya sami masu yi masa noma, Disi kuma ba a kawo masa gawa ba. Wadda ta biya kuɗin wannan sulhu ita ce matar da ta bar ɗakinta da gonarta da jikokinta. Ba na musun cewa wuraren nan sun ceci rayuka da yawa, domin wadda ta isa Gambaga ba mai taɓa ta. Amma ba wanda ya taɓa tambayar mai zargi hujjarsa.

Shari'ar da aka gada daga wancan zamani ga yadda take. Ana kai matar gaban mai tsafi ko tindana, wato mai kula da tsafin ƙasa. Ta kawo kaza. A yanka, a jefar, kowa ya zuba ido kazar na shure-shure a cikin ƙura. In ta mutu a rigingine, ƙirji sama, matar ta kuɓuta. In ta mutu a kife, mayya ce. Sai a dama ƙasa da ruwa da jinin kazar a ba ta ta sha, a ce an kashe abin da ke cikinta. Duk wanda ya taɓa yanka kaza ran salla ya san babu mai iya cewa ta wane gefe za ta kwanta. Kuma ko kazar ta wanke mace, sau da yawa ba ta iya komawa gida, don ranar da wani yaro ya sake yin zazzaɓi ita za a fara tunawa.

Dubi waɗanda abin ke faɗawa. Akwai maza, musamman a Gnani, amma mafi yawa mata ne da suka manyanta: wadda mijinta ya rasu, wadda ba ta haihu ba, wadda 'ya'yanta maza suka tafi Kumasi neman kuɗi, wadda ke da baki, ko wadda cinikinta ya fi na kishiya albarka. Ban taɓa jin an kori uwar sarki ko uwar ɗan majalisa ba. Wata tsohuwar ma ruɗewar tsufa ce ke sa ta fita da dare ko ta yi surutai, har ta amsa abin da ba ta yi ba. Zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau su ke kashe yaran, asibiti na da nisa, zuciyar da ta yi rashi kuma tana neman wanda za ta ɗora wa.

A Yulin 2020 a Kafaba, kusa da Salaga, wata mai duba ta nuna Akua Denteh, tsohuwa 'yar shekara 90, aka yi ta dukanta a bainar jama'a har ta mutu, wasu na ɗauka da waya. A Yulin 2023 babbar kotu a nan Tamale ta ɗaure mata biyu shekara 12 kowacce. A cikin wannan wata na Yulin 2023 kuma majalisar dokoki ta amince da ƙudirin da Francis-Xavier Sosu ya jagoranta, wanda ya mai da zargin mutum da maita laifi. Shugaba Nana Akufo-Addo bai sa masa hannu ba har ya sauka a Janairun 2025. An rufe wata unguwar mayu da ke Bonyasi tun 2014, kuma cocin Presbyterian ya daɗe yana sasanta matan Gambaga da danginsu don su koma gida, amma wasu na fita wasu na shigowa.

Doka tana da amfani, ina kuma goyon bayanta. Sai dai Bature ya gwada doka shekara hamsin, ta hana kisa a gaban Disi, ba ta shiga tsakar gida ba. Abin da ke shiga tsakar gida shi ne maganar liman da ta mai unguwa da ta uwar gida. Addininmu ya ɗora wa mai da'awa nauyin kawo hujja, kuma mafarki ba ya cikin shaidun da alƙali ke karɓa. Na zauna a masallatan Tamale shekaru, na ji huɗuba a kan riba da gulma da tufafin 'yammata, sau ɗaya tak na ji liman ya tsaya ya ce korar tsohuwa daga gidanta da sunan maita zalunci ne.

Mma tana nan. Ɗakinta na ƙauye ya rushe a daminar bara, ɗiyarta ta ce ba wanda ya ɗora masa ko dami ɗaya na ciyawa. Malamanmu na Nyohini da Sabonjida da Zango, ku da kuke hawa mumbari kowace Juma'a, ku ɗauki wannan magana ku faɗe ta da Dagbanci da Hausa, ku ambaci Liman Baba na Gambaga da sunansa. Kai kuma mai karatu, in akwai irin Mma a gidanku, ka zauna kusa da ita ka ci abin da ta miƙo maka a gaban yara.