Yadda Ake Ɗaukar Hoton Shirwa da Ungulu da Almuru

Akwai wani irin hoto da masana ɗaukar hoto ke ji da shi ƙwarai, watau hoton tsuntsu mai farauta a daidai faɗuwar rana. Tsuntsun yakan fito baƙi ƙirin kamar inuwa, bayansa kuwa sama ta yi ja wur. Ba a ganin launin gashinsa ko idonsa, siffarsa kaɗai za ta gaya maka ko wane ne.

To, ashe sai mutum ya fara da sanin siffofin. Wutsiyar shirwa a rabe take kamar ta kifi. Gaggafa kuwa fukafukanta dogaye ne, wutsiyarta gajera, har ka ce ba ta da ita. Ungulu fukafukanta masu faɗi ne, bakinsu a warwatse kamar yatsun hannu. In tsuntsun a zaune yake bisa reshe, jira sai ya juya gefe, don lanƙwasar bakinsa ta fito sosai.

Asirin aikin ɗaya ne: ka auna hasken sama, ba na tsuntsun ba. Kyamara in an bar ta da kanta sai ta yi ƙoƙarin haskaka tsuntsun, nan take jan sama ya wanke, hoto ya lalace. Mai wayar hannu sai ya taɓa sararin sama a fuskar wayar, sa'an nan ya rage haske. Mai babbar kyamara yana bukatar dogon gilashi mai milimita 300 ko fiye, ya kuma sa ta ƙifta cikin kashi 1 daga 1,000 na daƙiƙa in tsuntsun yana tashi. Amma fa kada a kalli rana kai tsaye ta cikin gilashin, yana iya lalata ido.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hunturu. Hazo yakan rage ƙarfin rana, kuka kuma ta zubar da ganye, rassanta su tsaya tsirara. Da rani ne kuma shirwa ke gangarowa kudu, saboda haka mazauna Ikko da Ibadan ba sai sun yi doguwar tafiya ba. Wanda ya sami zuwa Arewa ya gwada Yankari a Jihar Bauchi, ko fadamun Haɗejiya da Nguru. Sai dai almurun ƙasarmu gajere ne, bai fi kamar minti 20 ba duhu ya rufe. Wanda bai zaɓi wurin tsayawa tun la'asar ba ya makara.

Wannan aiki ya wuce nishaɗi. Hausawa na cewa ungulu ba ta jewar banza, amma yau a kwatoci da yawa an daina ganin jewar tata. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta sa ungulun kwata cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma masu kashe ta don sayar da kanta ga bokaye. Ita ce kuwa ke share mana mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta.

Saboda haka duk wanda ya ɗauki hoto ya rubuta rana da wuri, don masu binciken tsuntsaye su amfana. Kada a jefi tsuntsu don ya tashi, kada a kusanci sheƙarsa. Allah ya sa jikokinmu su ga ungulu da idonsu, ba a hoto kaɗai ba.