Final Fantasy VII: Abin Da Ya Tsufa Da Abin Da Ya Ƙi Tsufa

 Yau hirar tsohon gem za mu yi, kuma tun kafin mu yi nisa bari in ja kunne: zan tona wani babban sirri na labarin. Wanda bai taɓa buga Final Fantasy VII ba kuma yana da niyya, to ya san inda ya dosa.

Kwanan nan na sake zama na buga shi daga farko har ƙarshe. Tambaya ɗaya na so in amsa wa kaina: gem ɗin nan da gaske yana da kyau, ko kewar yarinta ce kawai take ruɗa ni?

Kamfanin Square na Japan ne ya fitar da shi a 1997 a kan PlayStation ta farko, cikin faifai 3. Kafin nan duk manyan Final Fantasy a na'urorin Nintendo suke fita. Abin da ya raba su shi ne wurin ajiya. Nintendo 64 ta tsaya a kan katirij, shi kuwa faifan CD yana ɗaukar kaya ninkin-ba-ninkin, ga araha. Square na son bidiyo mai kama da fim a cikin gem, sai suka koma wajen Sony. Yoshinori Kitase ne ya ba da umarni, Hironobu Sakaguchi ya shirya, Nobuo Uematsu ya yi kiɗan.

Labarin a taƙaice: kai ne Cloud, sojan haya da wata ƙungiya mai suna Avalanche ta ɗauka aiki. Suna yaƙi da kamfanin Shinra, wanda yake zuƙo wani makamashi, Mako, daga cikin ƙasa yana mayar da shi lantarki. Matsalar ita ce Mako ɗin nan shi ne ran duniyar. A birnin Midgar masu kuɗi suna zaune a sama a kan wani ƙaton faranti, talakawa suna ƙarƙashi, ko rana ba sa gani. Abin da ya burge ni yanzu da na girma shi ne gem ɗin bai wanke jarumansa ba. Bam suka sa a tashar Mako, mutane suka mutu, kuma can gaba aka tuhumi Barret, shugaban ƙungiyar, a kan rayukan nan.

Na biyu, tsarin Materia. Wasu duwatsu ne masu sihiri da kake maƙalawa a ramukan makami ko sulke. Wasu ramukan a haɗe suke biyu-biyu. Ka sa dutsen wuta kusa da wanda ake kira All, wutarka ta ci duka abokan gaba lokaci guda. Ka sa na warkarwa a wurin, ka warkar da mutanenka gaba ɗaya. Yaro zai gane shi cikin minti biyar, gwani kuma ya yi wata yana gwaje-gwaje.

Amma abin da ya sa har yau ake maganar gem ɗin shi ne Aerith. Yarinya ce mai sayar da furanni, kuma ita ce ta fi kowa iya sihiri a tawagarka. Ka ɓata awanni kana ƙara mata ƙarfi, kana saya mata kaya. A ƙarshen faifai na farko Sephiroth ya diro daga sama ya soke ta da takobi. Shi ke nan. Duk gem ɗin an saba maka cewa wanda ya faɗi a faɗa akwai maganin tashe shi, sai ga wurin da maganin ba ya aiki. Ko kiɗan faɗan da ya biyo baya ba su canza ba, kiɗanta mai sanyi ne ya ci gaba da tashi kana faɗa. Wallahi karo na farko ajiye hannun gem na yi na zauna shiru. A fim kallon rashi kake yi. A nan kuwa kai aka yi wa rashin, don duk lokacin da ka buɗe jerin mutanenka za ka ga babu ita. Shekaru mutane suka yi suna yaɗa jita-jitar cewa akwai hanyar dawo da ita. Babu.

To yanzu mu faɗi gaskiya a kan aibobinsa.

Fassarar Turancin ta yi rauni. Akwai kurakuran nahawu, akwai kuma masu cutarwa. A babban faɗan farko da wata kunamar ƙarfe, yadda saƙon yake fitowa sai ka ɗauka cewa aka yi ka kai hari idan ta ɗaga jela, alhali lokacin ne za ta rama da mugun duka. Labarin ainihin waye Cloud dama a murɗe yake, fassarar ta ƙara dagula shi. Har ma wani muhimmin bayani a kan Zack, wanda asirin Cloud ya rataya a kansa, an ɓoye shi a ɗakin ƙasa na wani gida a Nibelheim. In ba ka koma da kanka ba, sai ka gama gem ɗin ba ka gani ba.

Sai cin lokaci. Kana tafiya taku kaɗan allo ya juya, faɗa ya tashi, ba ka ga maƙiyin ba balle ka kauce. Kiran Knights of the Round ya haura minti ɗaya, kuma ba damar tsallakewa. Ajiye wasa a cikin gari ko kogo sai a wurare na musamman. Ni nan na taɓa yin fiye da awa ɗaya ban ajiye ba, aka ɗauke wuta. Ranar ko tuwo ban ci da daɗi ba.

Hoton ma ya tsufa. Bayan fage zane ne mai kyau, amma mutanen da ke yawo a kai kamar an haɗa su da kwalaye, hannu ba yatsu. Wani lokacin ka rasa ina ƙofa take. Ita kanta Materia tana da illa: tunda kowa zai iya ɗaukar kowane dutse, bambancin jaruman a faɗa ya ragu, sai dai makamansu da harin fushi da ake kira Limit Break.

To ina na tsaya? Aibobin nan yawancinsu na zamaninsa ne da na na'urar da aka yi shi dominta. Ƙarfinsa kuwa shawara ce da mutane suka yanke: su ba ka abu, su bari ka shaƙu da shi, sannan su karɓe. An sake gina shi da Remake a 2020 da Rebirth a 2024, sun fi kyan gani nesa ba kusa ba, amma sun taɓa labarin. Shawarata ga wanda bai buga ba ita ce ya fara da na 1997. Nau'o'insa na na'urorin yanzu suna da damar ƙara gudu da kashe faɗan ba-zata, ka yi amfani da su ba kunya.

Nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.