Tseren Tilawa a Wayar Hannu

Gogayya wajen karatu daɗaɗɗen abu ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin da gardawa kan fita kiskadi, kowa na neman ya riga ɗan'uwansa haddace izu sittin. A shekarar 1986 kuma jami'ar Sakkwato ta kafa musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa baki ɗaya.

Yau ga shi gogayyar ta shiga wayar hannu. A Narayi, kudu da kogin Kaduna, kamar sauran unguwanni, ɗalibai kan haɗu a zauren WhatsApp, su ɗora wa kansu izu biyu kullum, watau sauka ɗaya a kwana 30. Wanda ya cika nasa sai ya sanar, wanda ya makara kuwa kunya ta tashe shi. Ɗan kasuwa ma yakan karanta nasa a rumfa kafin ciniki ya buɗe.

Amma fa zauren ƙidaya kawai yake yi. Wanda ya tauye madda ko ya tsallake aya don sauri, ba mai tsayar da shi. Saboda haka ya kamata kowane ɗalibi ya riƙa kai karatunsa gaban alaramma a saurara, ya kuma tsare niyyarsa daga riya. Allah ya sa a dace, amin.