Riga-kafin Ƙananan Yara: Tambayoyin Iyaye da Mahangar Shari'a

Tun da aka fara allurar korona a Nijeriya cikin Maris 2021, iyaye a Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara suke tambayar malamai: shin za a yi wa jarirai? Amurka ce ta amince da ita ga 'yan wata shida a Yuni 2022. A nan gida kuwa manya aka yi wa.

Tsoron iyaye yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, kuma 11 suka rasu. Sai dai ƙin karɓa ma yana da nasa sakamakon: da aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano a 2003, cutar ta bazu har Yaman da Indunisiya.

Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani, ya kuma hana shiga garin da annoba ta sauka. Da wannan hadisi Sayyidina Umar (RA) ya kafa juyawarsa daga hanyar Sham. Riƙon sababi yana cikin tawakkali, kare rai kuma yana cikin manufofin Shari'a.

Don haka, ya kai maigida, ka tambayi ma'aikacin lafiya sunan allurar da cutar da take karewa, ka adana katin yaro. Zazzaɓi kaɗan bayan allura kan wuce cikin kwana biyu. Ƙyanda da mashaƙo kuwa kisa suke yi. Yaro amana ne. Allah Ya kare mana zuriya.