Ko Tungarku Tana Cikin Taswira?

Yau zancenmu a kan taswira yake, kada kuwa wata ta ce wannan sha'anin maza ne.

Mu mutanen Sifawa ba baƙin wannan ilimi ba ne. A garin nan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Ɗansa kuwa, Sarkin Musulmi Bello, shi ya bai wa wani Bature matafiyi, Kilafaton, taswirar ƙasashen nan a 1824. Ashe sanin ƙasa gadonmu ne.

Amma taswirar yanzu ba da alƙalami a kan zana ta ba. Tauraron ɗan'adam ke ɗauko hoton ƙasa daga sama, har rufin ɗakuna a kan gani, sa'an nan a sa cikin kwamfuta, a rubuta sunan kowane gari.

Ga amfaninta. A da, masu ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna da zanen hannu su kan yi yawo. Tungar da mai zane ya manta, to, yaranta sun rasa ke nan. Daga 2012 sai aka shiga yi wa jihohin Arewa, har da Sakkwato, sabuwar taswira. Aka kuma riƙa ba ma'aikata wayar hannu mai nuna duk inda suka taka. In sun dawo a duba. Unguwar da aka tsallake sai a koma mata. Wannan dabara ta taimaka ƙwarai. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar ainihin ƙwayar cutar ta ƙare a Afirka, ko da yake har yanzu ba a bar rigakafi ba.

Haka kuma a kan sa asibitoci da makarantu da rijiyoyi a taswira. In mahukunta suka ga nisan da mace mai naƙuda za ta yi kafin ta kai asibiti, ba sauran gardama, gama gani ya kori ji.

Sai dai fa tauraro rufi ya ke gani, ba ya ganin jaririn da ke ɗaki. Bai san rijiyar da ta ƙafe ba, balle ranar da Fulani suka kafa sabuwar ruga. Wannan ku kuka sani. Saboda haka in ma'aikata sun yi sallama, ku nemi iznin maigida ku faɗa musu gaskiyar yawan yaranku, ku kuma kwatanta musu tungogin da ke bayanku, ko ta Boɗinga ko ta Shagari.

Ku kuma 'yammatan makaranta, ku dage da darasin labarin ƙasa. Ku roƙi malama ta nuna muku garinku a waya. In babu sunansa, ku gaya wa iyayenku maza su kai maganar gaban hakimi. Wanda ba a san da zamansa ba, ba a rabo da shi.

Allah ya raya mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.