Idan Baƙin Ciki Ya Koma Cikin Kwano

Akwai mai tashi tsakar dare ya share tukunya ba tare da yana jin yunwa ba, sannan ya shiga bayi ya zura yatsa a maƙogwaro ya amayar. Akwai kuma wadda ke ƙaurace wa abinci har ƙasusuwan wuyanta su fito, amma idan ta duba madubi ƙiba take gani. Mutane kan ce haɗama ce ko tsirfa. Ciwo ne, kuma yana kisa. William Gull ya bayyana na ƙin ci a Ingila a 1873, Gerald Russell kuma ya bayyana na ci da amayarwa a 1979.

Likita Hilde Bruch, wadda ta daɗe tana duba irin waɗannan marasa lafiya a Amurka, ta lura cewa da yawansu ba sa iya bambance yunwa da fushi ko kaɗaici. Duk abin da ya taso musu a rai, a kan abinci yake ƙarewa.

Shi ya sa hanyar da Christopher Fairburn ya tsara a Jami'ar Oxford take farawa da takarda da biro. A zama kusan 20, mara lafiya zai riƙa rubuta abin da ya ci, da lokacin, da abin da ke ransa a daidai lokacin. Bayan 'yan makonni sai zaren ya fito fili. A ce mace ce: ba ta karya ba, da la'asar wata ta yi mata gorin jiki, ta haɗiye maganar, da dare ta huce a kan kwano, kunya ta biyo baya, washegari ta sake ƙin karyawa. Nan ne likita zai sa hannu, ya tsara mata ci sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, kuma ta koyi faɗin "raina ya ɓaci" da baki.

Sai dai yunwa kanta tana jirkita hali. A gwajin da Ancel Keys ya fara a Minnesota a 1944, an rage wa lafiyayyun maza 36 kusan rabin abincinsu na wata shida. Suka zama masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci. Don haka a tsarin asibitin Maudsley na Landan, idan matashiya ce ta rame, iyayenta ake fara ɗora wa nauyin ciyar da ita, ba tare da zargin kowa ba. Sai jiki ya murmure ake shiga maganar zuci.