Muryar Bart Simpson: me ke gaskiya, me ke ƙarya game da Nancy Cartwright

Har gobe akwai masu rantsuwa cewa wani ƙaramin yaro ne ke magana da bakin Bart Simpson, ɗan ƙiriniyar nan na shirin katun The Simpsons. Ba haka ba ne. Mace ce, Nancy Cartwright, wadda aka haifa a 1957 a garin Dayton na jihar Ohio a Amurka. Tun 1987 take riƙe da muryar, lokacin da iyalin Simpson ke leƙowa na ɗan taƙaitaccen lokaci a cikin The Tracey Ullman Show, kafin su samu shirin kansu a Disamban 1989. Amfanin ba mace aikin a fili yake: muryar yaro takan buɗe da ya balaga, ta mace kuwa tana nan daram, ga shi Bart bai taɓa wuce shekara 10 ba.

Masu cewa ita ce kuma Lisa, ƙanwar Bart, sun ɗauko rabin labari. Gaskiya ne Lisa ta je nema. Da ta karanta halin Bart, sai ta roƙi a bari ta gwada shi, Matt Groening, mai shirin, ya ji, ya ba ta nan take. Muryar Lisa ta Yeardley Smith ce. Muryoyin Nelson Muntz da Ralph Wiggum da Todd Flanders na cikin shirin dai duk daga maƙogwaron Nancy suke fitowa.

Zancen da ya fi ci mini rai shi ne wai kwamfuta ke sarrafa muryar. Wannan ya tauye haƙƙin mai sana'a. Tun tana Ohio take naɗar muryarta a kaset tana aika wa Daws Butler, wanda ya yi muryar Yogi Bear, shi kuma ya saurara ya mayar mata da gyara. Daga baya ta tattara ta koma Los Angeles, duk ranar Lahadi takan shiga bas ta tafi gidansa ɗaukar darasi. Wannan wahalar ce ta kai ta ga lambar yabo ta Emmy a 1992. Ta kuma fito da fuskarta a fim, har da Twilight Zone: The Movie na 1983.

Batun cewa tana samun kuɗi masu yawa kuwa gaskiya ne. A 2008 albashin manyan masu muryar shirin ya kai dala 400,000 kan kowane kashi, aka rage shi zuwa kusan 300,000 a 2011. Haka ma dangantakarta da mawaƙiya Sabrina Carpenter: Nancy gwaggon Sabrina ce ta wajen uba, da bakinta ta tabbatar.

Amma littattafan falsafar kimiyya da ake gani da sunan Nancy Cartwright ba nata ba ne. Na wata farfesa ce takwararta, haifaffiyar 1944, da ta koyar a Jami'ar Durham ta Ingila. Littafin mai muryar Bart ya fito ne a 2000, sunansa My Life as a 10-Year-Old Boy.